Tsugune Ba Ta Ƙare Ba: Karen Turai a Ƙasar Watari

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu kama aikin gwamnati, muna roƙon aron kunnuwanku kan wata magana wadda da jin ta za ku ce ba ta kai a ɓata takarda a kanta ba. Maganar kare ce. Mun sani sarai a wajen Bahaushe ambaton kare a gaban manya ma sai an sakaya. Amma abin da muka gani a hutun da ya wuce ya sa muka ga yin shiru ya zama laifi.

Mu 'yan ƙasar Watari ne, watau ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwan nan ta ƙaramar hukumar Bagwai, wadda aka gina tsakanin 1977 da 1980. Ƙasa ce mai yawan jama'a, gida na jingine da gida, gona na haɗe da gona, babu wani fili da za a ce ba shi da mai shi. Da damina a yi gero da dawa da gyaɗa, da rani a koma fadama a yi shinkafa da tumatir da albasa. A irin wannan wuri yaro ba ya neman izini kafin ya shiga zauren maƙwabci, kuma 'yar talla ba ta tsayawa ƙwanƙwasa ƙofa. To, a wani ƙauye daga cikin waɗannan ne wani babban ma'aikaci, ɗan garin, ya dawo ya gina gida mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, ya kawo wani ƙaton kare irin na Turai ya ajiye. Ran nan aka bar ƙofa a buɗe, wata yarinya mai tallan ƙuli-ƙuli ta yi sallama ta shiga kamar yadda ta saba shiga kowane gida. Karen ya kayar da ita, ya yage mata ƙwauri. Da aka je wa mai gidan da magana, abin da ya fara tambaya shi ne wa ya aike ta. Aka ba uwarta 'yan kuɗi, aka ce a yi haƙuri, magana ta mutu. Babu wanda ya nemi ganin takardar allurar karen, domin babu wanda ya san ana yin irin wannan tambaya.

Wannan yayi ya daɗe a unguwannin manya na birnin Kano, irin su Nassarawa da Bompai, inda Turawan mulkin mallaka suka fara kafa al'adar zama cikin shinge nesa da talakawa. Turawa sun tafi a 1960, 'yan bokonmu suka gaji gidajen, suka gaji lambun, suka gaji allon nan da ake rataya wa a bakin ƙofa mai gargaɗin cewa akwai kare a ciki, wanda har yau da Turanci ake rubuta shi, alhali kuwa almajiri da 'yar talla da mai gyaran takalmi da ke shiga haɗarin ba su iya karanta shi. Abin da ke sabo shi ne yadda yayin ya tsallake ganuwa ya nufo karkara, ana kuma kawo masa hujja da rashin tsaro.

Kafin mu auna hujjar, ya kamata mu san asalin dabbobin da ake taƙama da su. Karen da ake kira Alsatian karen kiwon tumaki ne na ƙasar Jamus, wanda wani hafsan soja mai suna Max von Stephanitz ya fara daidaita irinsa a 1899. Ingilishi ne suka sauya masa suna bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya don ƙyamar duk abin da ke ɗauke da sunan Jamus. Rottweiler karen mahauta ne na garin Rottweil, yana kora shanu kasuwa yana jan amalanken nama. Boerboel karen gonakin Turawan Afirka ta Kudu ne. Shi kuwa Dobermann, sunan mutumin da ya ƙirƙiro shi ya ci, wani mai karɓar haraji a garin Apolda wajen ƙarshen ƙarni na 19, wanda ya bukaci dabbar da za ta tsare shi daga fushin mutanen da yake bi bashin gwamnati. Ku duba wannan da kyau. A 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a jihar Kano, talakawa suka yi murna, ga shi yanzu 'ya'yan talakawan da suka yi boko suna sayo karen mai karɓar haraji suna ɗaure wa iyayensu a ƙofa.

Haka kuma ba mu manta da aikin da aka sa irin waɗannan karnuka ba. A watan Mayu na 1963, a birnin Birmingham na jihar Alabama ta Amurka, 'yan sanda sun saki karnukan Alsatian kan baƙar fata masu zanga-zangar neman 'yanci, cikinsu har da 'yan makaranta, hotunan suka zaga duniya. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ma da su ta riƙa tarwatsa taron baƙar fata. Ba mu ce laifin dabba ne ba. Kare ba ya zaɓen ubangida, abin da aka hore shi a kai shi yake yi. Muna dai tunatar da mai saye cewa abin da ya ɗauko an gina shi ne don ya raba mutane gida biyu, na ciki da na waje, kuma a ƙauyenmu na wajen nan su ne ƙannensa da gwaggwanninsa.

Yanzu sai hujjar tsaro. Ba za mu raina tsoron kowa ba, domin tsoron na gaskiya ne. Mun ga abin da ya sami Zamfara da Katsina. Mun tuna daren da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020. A 2025 kuma hare-haren 'yan bindiga suka tsallako iyakar Katsina suka taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, Shanono kuwa maƙwabciyar Bagwai ce. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wanda ya ce hankalinsa kwance yake, ko dai ƙarya yake yi ko kuwa ba a nan yake kwana ba.

Amma mu yi wa juna gaskiya. Mutanen da ke zuwa bisa babura, su ashirin ko talatin, kowa rataye da bindiga mai sarrafa kanta, wane kare ne zai tare su? Harsashi ɗaya ya ishe shi, ko guntun nama mai guba a jefa ta kan katanga tun da magariba. Iyakar abin da kare zai yi a irin wannan dare shi ne ya yi haushi ya ta da mutane, wannan kuwa karen gida mai jan gashi da ke kwance a gindin rumbu ya fi kowa iya shi, ba tare da an kashe masa ko kwabo ba. Haushin ma ba ya da amfani sai in akwai wanda zai amsa: maƙwabta masu fitowa, 'yan sintiri masu shiri, ofishin 'yan sanda mai mota da mai a cikinta, hanya mai biyuwa, waya mai shiga. Wanda ya kewaye kansa da katanga, ya sa dabbar da ta hana maƙwabta kusantar ƙofarsa, ya yanke igiyar da za a jawo shi da ita ran da ya faɗa rijiya. Tsaron ƙauye tun kaka da kakanni shi ne sanin juna, baƙo ya shigo a san ya shigo, a san gidan da ya sauka. An sayar da wannan an sayi haƙoran kare, shi ne Hausawa ke cewa tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne su wane ne masu sayen. Akasarinsu mutanen da aka damƙa wa amanar jama'a ne, waɗanda ke zaune a ofisoshin da ya kamata su gyara tsaro da asibiti da hanya. Da ruwan famfo ya ƙafe, sai suka haƙa rijiyar burtsatse a gidajensu. Da wutar lantarki ta gagara, sai suka sayi janareta. Da makarantun gwamnati suka lalace, sai suka kwashe 'ya'yansu zuwa na kuɗi. Yanzu tsaro ya taɓarɓare, sai suka sayi kare. Kowace matsala ta jama'a sai a nemo mata maganin mutum ɗaya, a bar sauran mutane da Allah. Mu a Watari mun san farashin wannan hali. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsarmu da mutanen da suka taso daga Badau, fiye da mutum 20 suka rasu, akasarinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Abin da ya ci waɗannan yara lodi ne fiye da kima da rashin rigar ruwa da rashin mai sa ido, babu kuma irin karen da zai tsare mu daga sakaci.

Ga kuma abin kunya na cikin gida. A 2024 aka ƙayyade mafi ƙarancin albashi a Nijeriya kan naira 70,000 a wata. Muna ƙalubalantar duk mai irin wannan kare ya zauna da alƙalami ya lissafa abin da dabbar ke ci a wata, nama da abincin gwangwani da sabulu da maganin kaska da kuɗin likita, sa'an nan ya ajiye lissafin kusa da abin da yake biyan maigadinsa, mutum mai mata da 'ya'ya, wanda ke kwana a kan benci cikin sanyin hunturu. In bai ji kunya ba, to, mun ji masa. Ita kanta dabbar ba a yi mata adalci ba. Karen da aka halitta da gashi mai kauri don dusar ƙanƙarar duwatsun Kokasus, a kawo shi ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, a ɗaure shi da sarƙa cikin keji yini guda yana haki, ba ya ganin kowa sai mai miƙo masa kwano, me ake jira daga gare shi in ba hauka da cizo ba? Masana halin dabbobi sun daɗe da nuna cewa karen da aka tsare ba ya cuɗanya da mutane tun yana kwikwiyo shi ya fi haɗari. A 2014, a unguwar Igando ta Legas, karnukan wani gida sun far wa yaro ɗan shekara 4 suka yayyage masa fatar kai, sai da aka fitar da shi ƙasar waje neman magani. Ingila, inda ake son kare kamar ɗa, ta kafa dokar karnuka masu haɗari tun 1991, ta haramta wasu iri, ta kuma ɗora wa mai kare alhakin ɓarnar karensa. Mu kuwa mun kwaso dabbar mun bar dokar a can.

Wani zai ce ai maganar mai sauƙi ce, addini ya hana ajiye kare, a kashe su duka a huta. Wannan ma ba mu yarda da shi ba, kuma muna roƙon malamanmu su gyara mana in mun kuskure. Abin da muka koya a makarantar allo da ta ilimi shi ne hadisi ya yi gargaɗin raguwar lada ga mai ajiye kare, amma ya keɓe karen farauta da na kiwo da na gona. Mazhabar Malikiyya da muke bi ba ta ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, ko da yake an yi umarni da wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai. Alƙur'ani ya ambaci karen Ashabul Kahfi a bakin kogo, hadisi kuma ya ba da labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Malamai suna kawo labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai littafin Risala da ake karantawa a kowane zaure a ƙasar Hausa, cewa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maƙiya, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi haka, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu da abin da zai ajiye ya fi kare. Ashe ke nan shari'a ta san bukata, ta kuma bambanta ta da alfahari. Abin da ba mu samu a littafi ko ɗaya ba shi ne izinin tsoratar da maƙwabci, ko izinin da yaranmu suka ba kansu na jifan duk karen da suka gani a hanya.

Wannan ya kawo mu ga karen gida, wanda muka raina har muka mai da sunansa zagi. Shi ne ke bin Bafulatani kiwo, shi ne ke korar birai daga gonar masara, shi ne ke gaban mafarauta in kaka ta yi an shiga daji. Ya saba da zafinmu, yana jure kaska da yunwa, ya san kowa a unguwa, ya san wanda ba na unguwa ba. Ladansa a wurinmu ƙanzo da dutse. Ga abin dariya kuma: karen Azawak na Buzaye, ɗan ƙasashen Nijar da Mali da Burkina Faso, maƙwabcinmu na nan arewa, Turawa sun ɗauke shi zuwa Turai tun shekarun 1970, suka yi masa rajista, a 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta amince da shi cikin jerin irin da take ji da su. Su suna ɗaukar namu suna gyarawa, mu muna zubar da kuɗin waje muna sayo nasu. Ko a kan kare ma ba mu tsira daga raina abin gida ba.

Sakamakon wannan raini shi ne haɗarin da ya fi kowane girma, wanda masu katanga ba su ko ambatonsa, watau ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar na cikin yawun dabbar. In ta shiga rauni sai ta bi jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, yawanci cikin wata biyu ko uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Rauni ya warke, iyaye sun manta, sai yaro ya fara zazzaɓi da firgita, ya ga ruwa ya kasa sha. Daga nan sai a ce iska ce ko sammu, a yi ta turare da rubutu. In alamun nan suka bayyana, kusan babu mai tashi. Alhali kuwa tun 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro a Faransa da allura, kuma a nan gida Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana yin allurar rigakafin karnuka. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar na yankewa. Ƙasar Meziko ta bi wannan hanya, a 2019 aka shaida ta rabu da haukan kare mai kama mutane ta cizo. Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar da ake son kawo ƙarshen mace-macen. Mu tambayi kanmu, karnuka nawa ne a ƙauyukan Watari suka taɓa ganin allura?

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma ba mu nemi abin da ya fi ƙarfin kowa ba. Na farko, ƙananan hukumomi, da Bagwai da Bichi da maƙwabtansu, su sa a yi wa kowane kare rajista a wurin mai unguwa, na Turai da na gida, a kuma fito da ma'aikatan dabbobi sau ɗaya a shekara su yi allura kyauta a ranakun kasuwa, kamar yadda ake yi wa shanu. Ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da wannan ciwo ta duniya, ta dace da fara wannan aiki. Na biyu, Majalisar Dokokin jihar Kano ta ɗora wa mai kare cikakken alhakin abin da karensa ya yi: kuɗin magani da diyya, ba 'yan canjin rufe baki ba. Kada a fita da babban kare cikin jama'a sai da igiya da takunkumi, allon gargaɗi kuma a rubuta shi da Hausa, da boko da ajami. Na uku, a ajiye allurar cizon kare a manyan asibitocin karkara, cikin firiji mai aiki, don kada talaka ya sayar da akuyarsa ya tafi birni neman ta. Na huɗu, duk wanda ke da kuɗin ciyar da Rottweiler yana da kuɗin taimaka wa 'yan sintirin garinsu da fitila da takalma da waya, ya fara da wannan.

Na biyar namu ne, mu ɗalibai, musamman 'yan sashen likitanci da na likitan dabbobi da na aikin gona. Hutu mai zuwa kowa ya koma garinsu da saƙo ɗaya, ya faɗe shi a masallaci da makarantar allo da dandali da gidan biki: in kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, kada a ɗaure, kada a tsaya shafa toka ko barkono, a nufi asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Karen kuma in an san shi a tsare shi a sa masa ido kwana 10, a sanar da ma'aikacin dabbobi. Wannan ilimi bai fi a faɗe shi cikin minti biyu ba, amma yana iya zama bambanci tsakanin suna da jana'iza.

Ku kuma yayyenmu sababbin ma'aikata, gobe ku ne manyan sakatarori da daraktoci. Ran da albashi ya yi kauri, aka zo muku da hoton kwikwiyo ɗan ƙasar waje, ku tuna da zauren da kuka yi rarrafe a ciki, wanda ba shi da ƙyaure balle kare, ku tuna kuɗin talakawa ne ya kai ku jami'a. Yarinyar nan mai ƙuli-ƙuli ta warke, tana ɗan ɗingishi, kuma mu ne muka matsa aka kai ta allura a kwana na biyu. Har yanzu in ta zo daidai ƙofar ƙarfen nan sai ta tsallaka ɗaya gefen hanya. Allah ya sa mu gyara tun kafin 'ya'yan garinmu su koyi tsallake ƙofofinmu, amin.